Baba, Kaboyi da Tsofaffin Libarba Biyu

Abubuwa da yawa na zamana a Amurka sun fara dusashewa a kaina, amma ban ga ranar da zan manta da zuwan mahaifina gidanmu na Laurel ba, da rigimar da ya ɗauko da maƙwabcinmu a kan wasu tsofaffin bindigogi biyu. Har yau in abin ya faɗo mini ina tuƙi ni kaɗai, sai in kama dariya, na motar kusa su riƙa leƙe na.

Baba tsohon ɗan sanda ne, yana saja ya yi ritaya. Kusan duk aikinsa a ma'ajiyar makamai ya yi shi, tsakanin Jos da Kaduna. Shi ke karɓar bindiga, ya kwance ta, ya goge, ya gyara, ya kulle. Mutum ne mai gardama tun muna yara. Ko rediyo ke labarai sai ya tanka mata, kuma a ganinsa shi ke yin nasara. To, da Mama ta rasu sai mutumin nan ya yi shiru. Yayyena suka ce ba ya fita, ba ya cin abin kirki, ko coci sai an ja shi. Ni da maigidana muka nema masa biza ya zo ya huta a wurinmu. Wannan a shekarun farko ne bayan dubu biyu.

Ya zo, ya samu kujera a bakin tagar falo, ya zauna. Ni kuwa nas ce, abin da na iya shi na yi masa. Na auna jininsa safe da yamma, na rage masa gishiri, na jera masa ƙwayoyi. Na je har Silver Spring shagon 'yan Afirka na nemo acca na yi masa gwate irin na gida. Ranar Lahadi na kai shi cocinmu, inda mutanen Filato da Kudancin Kaduna suka kewaye shi da gaisuwa da Hausa. Duk abin da aka yi masa amsarsa ɗaya ce, da sunan da yake kira na tun ina ƙarama, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Na gode, Uwata."

Ba abin da ya fi tsorata ni kamar wannan godiyar. Baban da na sani da ya ce gwaten ya yi ruwa.

Wata Asabar da rana, maigidana yana wurin aiki, ina kicin ina tuƙa tuwon shinkafa. Na leƙa falo, kujera ba kowa. Na leƙa ta tagar kicin, sai na hango garejin maƙwabcinmu a buɗe. Maƙwabcin nan tsohon Bature ne, direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu da shi da matarsa. Ga Babana tsaye a tsakiyar garejin, da silifas, riƙe da wata doguwar bindigar hannu. Ga Baturen a gabansa ya ɗaga hannaye biyu sama, fuskarsa ta yi jawur, yana ɗaga murya.

Ku tuna, ba a daɗe ba da lokacin nan da wasu suka riƙa harbin mutane daga ɓoye a yankinmu, har sai da ya zama a sunkuye muke zuba mai a mota. Kalmar bindiga ma ba na son ji. Cikin ƙiftawar ido na ga 'yan sanda, na ga hoton Baba a talabijin, na ga takardun zamana da na maigidana sun bi ruwa. Ban san lokacin da na fita ba. Na tsallake ciyawar da ke tsakaninmu da takalmi ƙafa ɗaya, muciya a hannu, tuwo na manne a jikinta.

"Baba, don girman Allah ka ajiye."

Su biyun suka juyo. Baba ya dube ni, ya dubi muciyar, ya ce, "Uwata, me za ki tuƙa a nan?"

Sai a lokacin idona ya ga abin da ke gabana. Bakin bindigar ƙasa yake kallo. Gangar da ake ɗura mata ma an cire ta, tana kan tebur a kan tsumma. Baturen kuwa ba miƙa wuya yake yi ba, takaici ne ya sa shi ɗaga hannu, don Baba ya gama gaya masa, da Turancinsa na barikin 'yan sanda, cewa bindigar da yake alfahari da ita ta ragwaye ce.

Ashe mutumin mai tara tsofaffin libarba ne, wato bindigar hannu mai ganga, irin na zamanin kakannin kakanninsa. Yana zaune yana goge ɗaya, Baba daga kujerarsa ya jiyo ƙarar ɗana ta, ƙas, ƙas. Ƙarar da ya shekara da shekaru yana ji. Ya tashi ya bi ta har garejin, kuma ko sunan mutumin bai tambaya ba ya ce masa man da yake zubawa ya yi yawa.

Matar Baturen ta fito ta gan ni da muciya. Da ta fahimci abin da na zata, sai da ta dafa bango don dariya. Ta ce mini, "Ki bar su. Tun da ya bar aiki yake bi na ɗaki ɗaki da labarin bindigogin nan. Yau Allah ya kawo mini mai karɓa ta."

Ban samu komawa kan tuwona ba. Suka zaunar da ni a kan wani akwati suka ce ni ce alƙali. A ranar suka raɗa wa juna suna. Baba yana ce masa Kaboyi, shi yana ce wa Baba Saja, kuma har suka rabu ban ji ɗayansu ya kira sunan ɗaya na yanka ba.

Ga asalin rigimar, yadda suka cusa mini ita ina so ba na so. Libarba tana da wani ɗan ƙarfe a baya da Baba ke ce wa guduma, shi ke bugawa wuta ta tashi. A libarbar farko da aka ƙera a Amurka, sai ka ja gudumar nan baya da babban yatsa, ganga ta juya ta kawo sabon rami, sannan ka taɓa kunama. Aikin kunamar ɗaya ne tak, sakin guduma. Kowane harbi sai ka sake ɗanawa. Ita ce ta Kaboyi, ita ake kira mai aiki ɗaya. Sai a tsakiyar ƙarni na sha tara wani maƙeri a Landan ya fito da wadda ba ruwanka da guduma. Ka ja kunama kawai, ita za ta juya ganga, ta ɗaga guduma, ta sake ta. Wannan ita ce mai aiki biyu, Baba kuwa mai ɗana kanta yake ce mata. Bai taɓa riƙe tsohuwa irin wannan ba, amma libarbar Ingila da ya tarar a ma'ajiyar 'yan sanda jikokinta ne, saboda haka ya ɗauke ta kamar 'yar dangi.

Kaboyi ya ce kunamar tasa kamar gashi take don rashin nauyi, shi ya sa ba ta kuskuren bara. Ta Ingila kuwa kafin ka gama jan kunamarta hannunka ya karkace, ka nufi ƙofa ka samu taga.

Baba ya ce, "Wanda ya taso maka da takobi, tsayawa zai yi ka gama gyara babban yatsa? Me ya sa hafsoshin Ingila da suka je yaƙi suka dawo suna neman mai ɗana kanta? Har masana'antar da mai ƙera taku ya buɗe a Landan sai da ya rufe ta ya koma gida."

Wannan labarin na ƙarshe daga bakin Kaboyi ya ji shi, ko awa ba a yi ba, ya juya ya buge shi da shi. Kaboyi ya rama da cewa a yaƙin basasar Amurka gwamnati ta sayi wata mai aiki biyu, sojoji suka rasa kanta, dole aka ce wa masu ƙera ta su mayar da ita mai aiki ɗaya. Baba ya ce wannan laifin sojojin ne. Kaboyi ya ce tasa ramuka shida gare ta, ta Ingila biyar. Baba ya ce wanda ya iya harbi biyar ma sun yi masa yawa. Ni dai ina zaune ina kallon bakin mahaifina yana motsi, ina jin ƙaurin tuwona daga can, ban ko motsa ba.

Da yamma ya cinye abin da na ceto daga tukunyar, ya ce, "Wannan tuwon ya kama." Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi rawa.

Kaboyi yana da tsohuwar ta Ingila guda ɗaya, ta asali, da ya saya a wani gwanjo, amma wani ƙarfe mai tsalle a cikinta ya karye, ba ta aiki. Suka yanke shawarar gyara ta, don a je fili a raba gardama. Daga nan gidanmu ya canza. Baba kan tashi da sassafe ya yi wanka ya aske gemu, ya tsaya bakin taga yana jiran ƙofar gareji ta ɗaga, kamar ɗan makaranta mai jiran bas. Tabaran da na yi ta fama ya je a auna masa ya ƙi, shi da kansa ya ce in kai shi. Kaboyi yana da littattafai da zane-zane, Baba yana da hannu, ko wanne yana ganin ɗan'uwansa ɗan koyo ne.

Akwai ranar da na dawo daga aiki da safe na tarar da su duka a ƙasa suna rarrafe, har da matar Kaboyi, har da maigidana da rigarsa ta ofis. Sabon ƙarfen da aka aiko musu daga wata jiha ne ya kuɓuce wa Baba ya yi tsalle. Baba ya rantse Kaboyi ne ya yi atishawa. Aka kwashe kwalaye, aka share garejin kaf, aka zazzage shara. Can sai matar Kaboyi ta nuna kan Baba. Abin yana maƙale a naɗin hularsa, duk rarrafen nan da shi ake yi. Baba ya cire shi ya duba, ya ce dama ya san bai yi nisa ba.

Ni fa hankalina bai kwanta da zancen fili ba. Baƙo ne mai bizar ziyara, ga shekaru, ga hawan jini. Maigidana, wanda kunyar surukuta ba ta barinsa musu da Baba, shi ya bi diddigin maganar. Ya tambayi masu filin harbin, ya tambayi wani lauya a cocinmu, aka ce irin waɗannan tsofaffin da ake ɗura wa albarushi doka ba ta ɗauke su kamar na zamani ba. Ya zo ya durƙusa gefen Baba ya ce, "Baba, an ce kuna iya zuwa, amma sai kun bi dokar masu wurin."

Baba ya ce, "Ɗana, ni na koya wa mutane dokar nan."

Ranar da aka sa, muka ɗauki hanya zuwa bayan gari, muna wuce gonakin masara da dawakai. Zafi kamar Kaduna a watan Afrilu, amma Baba ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci har da taye. Kaboyi ya sa wata hula mai faɗi kamar faifai. Mai kula da filin wata ƙatuwar mata ce mai jar hula, ta jera mu ta karanta mana doka, ta raba mana tabarau da abin toshe kunne. Nawa ya ƙi zama a kan ɗankwali, sai da na kwance shi na ɗaura a ƙugu. Baba ya saurari matar nan tsaf, hannaye a baya, da ta gama ya juyo ya ce mini da Hausa, "Wannan da a bariki take da ta kai sufeto."

Ɗurin kansa abin kallo ne. A auna albarushi a zuba a rami, a ɗora dunƙulen dalma, a danna shi da wani ƙarfe da ke ƙarƙashin bindigar, a shafe bakin da maiƙo, sannan a sa wata 'yar hular jan ƙarfe a baya, wadda guduma za ta buga. Rami bayan rami. Baba ya ce ashe duk abin nan harba-ruga ce irin ta maharban ƙauyenmu, an dai haɗa guda biyar wuri ɗaya.

Sharuɗɗan gasar su suka tsara kayansu. Zagaye biyu ne: allo mai nisa a nutse, sai allo na kusa da sauri. Kuma da hannu ɗaya za a yi, don Baba ya dage cewa mutanen da ɗaya hannun yana riƙe da linzami.

Baba ne ya fara, da ta Ingila. Ya tsaya a karkace, hannun hagu a baya, ya miƙa na dama. Wallahi sai na ga shekaru sun zube daga kafaɗarsa. Ya fara jan kunama. Guduma ta ɗaga, ta kai rabi, ta tsaya. Bakin bindigar ya fara rawa. Ya sassauta a hankali, ta koma. Ya ja numfashi ya sake, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ta sake kai wa rabi ta tsaya. A gareji Kaboyi bai taɓa bari an ja ta har ƙarshe ba, wai bugun banza yana lalata ta, saboda haka ba wanda ya san nauyin kunamar ya fi ƙarfin yatsan Baba.

Ya sauke ta, bakinta na kallon fili, ya ajiye a tebur. Ya dubi yatsansa, ya ce a hankali, "Ashe wannan ma ya yi ritaya bai gaya mini ba."

Dariyar da na taho da ita ta ƙafe. Na san fuskar nan, ita na bari a bakin taga makonnin baya. A zuciyata na ce shi ke nan, na kawo shi gaban mutane ya ji kunya, gobe kujera zai koma.

Layi ya zo kan Kaboyi. Ya gyara hula ya matsa gaba da tasa. Ya ɗora babban yatsa a kan guduma ya ja. Yatsan ya zame. Ya sake, ya zame. Ya ciji leɓe ya sake, guduma ta ɗan motsa ta tsaya, shi kuma ya runtse ido don zafi. Daga bayanmu matarsa ta ce, da muryar da duk filin ya ji duk da abin toshe kunne, "Mutumin da ni ke buɗe masa kwalbar jam." Ashe ciwon gaɓɓai ya daɗe da cinye masa yatsan, a gareji da tafin ɗaya hannun yake ɗanawa, bai taɓa faɗa ba.

Tsofaffi biyu suka tsaya, ko wanne da bindigarsa a gabansa, ba mai kallon wani. Mai jar hula ta ce akwai masu jiran layi. Ni ban san daga ina maganar ta zo mini ba, na ce, "Tunda ni ce alƙali, ku yi musaya."

Kallon da suka yi mini kamar na ce su yi musayar addini. Baba ya ce da Hausa, "Uwata, ki san abin da kike faɗa." Na ce, "Baba, babban yatsanka lafiyarsa lau, da shi kake nuna mini laifi kullum. Shi kuma manuninsa lafiya lau. Ko mu tattara mu tafi gida."

Suka canza wuri ba tare da sun haɗa ido ba. Baba ya ɗauki ta Amurka da yatsu kamar an ba shi mataccen ɓera. Ya miƙa hannu, ya ja guduma, ƙas, ƙas. Ban ma ga ya taɓa kunamar ba, sai ƙara, sai wani farin hayaƙi ya turnuƙe mu, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da ya washe, maigidana da ke riƙe da madubin hangen nesa ya ce, "Baba, cikin baƙin tsakiyar allon ne." Baba ya gyara tsayuwa. Ya sake ɗanawa. Haka ya juye ta duka, a nutse, yana ɓacewa cikin hayaƙi yana bayyana da tayensa. Guda ɗaya ce kawai ta fita gefe. Masu harbi a layin kusa suka ajiye nasu suna tafa wa tsoho mai kwat.

Kaboyi ya gwada allon nesa da ta Ingila, ya samu katakon da ke riƙe da allon, ya samu ƙasa, ya samu abin da har yau ba mu sani ba. Amma da aka zo na kusa, kafin Baba ya gama na biyu shi ya juye biyar ɗinsa, tau tau tau, duka a jikin takarda. Ya tsaya yana kallon bindigar da ya shekara yana zagi, bakinsa a buɗe.

Daga nan aka shiga wata gardama da ban taɓa jin irinta ba. Kaboyi ya nuna allon Baba ya ce, "Ka gani da idonka, Saja. Tawa ce ta ci."

Baba ya ce, "Ni na ci. Hannuna ne."

"To ni na ci na kusa."

"A'a, wannan tawa ce ta ci. Kai riƙe mata kawai ka yi."

"Ke nan in ka yi nasara kai ne, in na yi nasara bindigarka ce?"

Baba ya buɗe baki zai ba da amsa, ya ga fuskar Kaboyi ta yi baƙi da hayaƙi, in ban da zagayen tabarau. Kaboyi shi ma yana kallon ta Baba. Sai wani abu ya ɓalle daga ƙirjin mahaifina, dariya ce irin wadda rabona da ji tun Mama na da rai. Ya yi ta har ya kasa tsayuwa, ya zauna a benci yana bubbuga gwiwa, hawaye na wanke masa baƙin fuska layi layi. Kaboyi ya faɗa kusa da shi, hularsa ta gangara ƙasa. Ni ma ina yi, ban san ko dariya nake ko kuka ba, kuma ban damu in sani ba.

Da suka lafa na yanke hukunci cewa ba wanda ya ci. Nan take suka haɗe mini kai, wai alƙalin da bai taɓa harbi ba ba shi da bakin magana. Aka ɗura rami ɗaya, mai jar hula ta tsaya a bayana, Baba ya gyara mini tsayuwa. Na ɗana da hannu biyu, na kira sunan Yesu, na rufe ido, na taɓa. Da hayaƙi ya washe sai ga ƙura na tashi can a tsakiyar fili, ko rabin hanyar allon ba a kai ba. A ranar dai an samu abu ɗaya da Saja da Kaboyi suka yarda a kai, wato in riƙe aikina na asibiti da kyau.

A hanyar komawa Baba yana gaba kusa da maigidana, yana shinshina hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uwarku ba ta son warin nan. In na dawo daga aiki sai ta yanka lemun tsami ta ajiye mini a bakin ƙofa, ba na taɓa kwanonta sai na goge hannu. Amma man bindigata kullum raguwa yake. Na yi ta zargin kuratan da ke ƙarƙashina, har na sa wani tsallen kwaɗo. Ashe ita ke ɗiba daga aljihun rigata tana zuba wa kekenta na ɗinki."

Tun da aka binne ta, wannan ne karon farko da ya ambace ta. Bai tsaya nan ba. Har muka shigo Laurel yana ba mu labarinta, wasu ban taɓa ji ba, muna dariya, maigidana yana rage gudu don kada hanyar ta ƙare.

Da bizarsa ta kusa cika ya koma Jos, kuma shi ya ce zai koma, wai ya bar gida ba mai tsawatarwa. Yayyena suka bugo suna ƙorafin ya dawo da fitina, ya kori mai gyaran famfo, ya yi musu da fasto a kan waƙa. Na ce su gode wa Allah. Ya ƙara shekaru masu kyau kafin ya bi Mama, kuma a cikinsu duk ƙarshen wata sai in haɗa shi da Kaboyi a waya, in ajiye musu in koma aikina, ina jiyo ihun tsofaffi biyu a kan abin da aka ƙera tun ba a haifi kakanninsu ba.

Na ci gaba da aikin jinya shekaru da yawa bayan wannan, yawanci da tsofaffi. Abin da wancan lokacin ya koya mini shi ne, mutum ba ya rayuwa da kulawa kaɗai. Tsohon da kowa ke lallaɓawa, ana yi masa komai, ba a neman komai a wurinsa, a hankali sai ya ɗauka an gama da shi. Yana bukatar wanda zai ɗauke shi da muhimmanci har ya ce masa bai yi daidai ba, a kan abin da ya sani, ya kuma ƙaunata. Shi ya sa in aka kawo mini tsoho mai shiru, bayan na auna jininsa sai in ja kujera in tambaye shi sana'ar da ya yi. In ya faɗa, sai in faɗi wani abu a kanta da na san ba daidai ba ne, in zauna in jira ya gyara mini.